Tsohon Layin Dogo, Keke da Hanyoyin Karkara: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon yawancinsu kan keke ne da tafiyar ƙasa a bayan gari, kuma maganar layin dogo ta yi ta shigowa ciki. Mun zaɓi 6, mun gajarta masu tsawo, ga amsoshin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Faransa ya turo mini bidiyo ta WhatsApp. Hanya ce miƙaƙƙiya cikin gonaki da itatuwa, babu mota ko ɗaya, tsofaffi da yara na tuƙa keke, wasu na tafiya a ƙasa. Ya ce da can layin jirgin ƙasa ne. Me ya sa sai layin jirgi? Mu nan muna da irinta?
Daga wani malamin makaranta, unguwar Zariya, Maradi

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani gaskiya ne, Faransawa ma suna kiran irinta koriyar hanya a harshensu. Dalilin da ya sa tsohon dogo ya fi ko'ina dacewa yana cikin halin jirgin kansa. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, dogo ma ƙarfe ne, kuma inda suke taɓa juna bai wuce faɗin ƴar dala ba. Ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi. In hawa ya yi tsanani sai ƙafafun su yi ta juyawa a wuri ɗaya, jirgi bai gusa ba. Shi ya sa masu shimfiɗa dogo suke gudun tudu kamar me. Yawancin layuka ba sa tashi fiye da mita 1 zuwa 2 a cikin kowace mita 100, alhali hanyar mota a ƙasar duwatsu tana iya tashi mita 8 ko 10. In tudu ya tare gaba, a yanka shi. In kwari ne, a cike shi da ƙasa, a bar wa ruwa gada ko kwalbati. Kwana ma ba a yi masa mai kaifi.

To ka ga ranar da jirgi ya daina bi, abin da ya bari shimfiɗa ce da aka riga aka zuba mata dukiya. Babu hawa mai karya gwiwa, babu gangara mai ƙwace birki, ruwan sama yana da mafita ta ƙarƙashi, kuma ba ta gamuwa da mota sai a mararraba. Dattijo ɗan shekara 70 da yaro ɗan shekara 8 duk za su iya ta, haka ma mai keken guragu.

A Ingila, bayan rahoton da Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta can, ya fitar a 1963, an rufe dubban kilomitoci na dogo. Ɗaya daga cikinsu, tsakanin Bristol da Bath, masu aikin sa kai ne suka mai da shi hanyar keke mai kimanin kilomita 21, daga 1979 zuwa 1986. A Amurka, jihar Wiskonsin ta buɗe ta Elroy zuwa Sparta a 1967, kilomita 52, tana ratsa ramuka 3 da aka huda cikin dutse. Ƙasar Sifen ta fara nata shirin a 1993. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne dokar da Amurka ta yi a 1983, wadda ta ba da damar a ajiye filin layin da aka daina bi a matsayin hanyar ƙafa da keke, ba tare da an yayyanka shi an rabar ba, don in wata rana an sake buƙatar jirgi a tarar da filin yana nan. A ganinmu nan ne gizo ke saƙa. Filin dogo siriri ne mai tsawo kamar igiya. Mutum ɗaya ya yi gini a tsakiyarsa, ta tsinke ke nan.

Mu a ƙasar Maradi ba mu da tsohon layi, don ba a taɓa shimfiɗa mana shi ba. Gyaɗar kakanninmu a bayan raƙuma da jakuna, daga baya manyan motoci, take tafiya ta iske jirgi a Najeriya. Layin Yamai zuwa Doso, mai kimanin kilomita 140, an fara shi a 2014, an yi bikinsa a farkon 2016, bai kuwa shiga jigilar yau da kullum ba. Wanda ya fi kama da abin da ka gani a ƙasar Hausa shi ne ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya zuwa tudun Jos don kwasar kuza, mai faɗin santimita 76 kacal tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Ya isa can a 1914, aka rufe shi a 1957, ba a kuwa mai da shi hanyar keke ba. Na Ƙaura Namoda da aka buɗe a 1929 da na Nguru na 1930 har yanzu mallakar hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya ne. Kada tsatsa da ciyawa su ruɗi kowa ya ɗauka sun zama na kowa.

TAMBAYA: Ina fatauci tsakanin Maradi da Katsina. Na ga inda ake aikin layin dogon Kano zuwa Maradi, an tara ƙasa an daddaɓe ta ta yi sumul, samarin ƙauyuka suna hawa kai da keke da mashin. In an gama, za mu iya bin gefensa da keke maimakon kwalta?
Daga wani ɗan kasuwa, Sabon Gari, Maradi

AMSA: Alhaji, a'a, kuma muna roƙonka ka faɗa wa samarin nan haka duk inda ka gan su. Layin da aka kafa harsashinsa a watan Fabrairun 2021, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke ginawa, kimanin kilomita 284 ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, layi ne mai rai. Duk abin da muka faɗa wa Malam a sama kan mataccen layi ne, wanda hukuma ta rufe a rubuce, aka kwashe ƙarafansa.

Tun yanzu ma wurin aiki ne. Tifa da rola suna ja da baya, direban bai hango ɗan keke a bayansa cikin ƙura ba. Gefen tarin ƙasar kuma bai gama zama ba, yana iya zaftarewa da mutum, balle bayan ruwa.

In jirgi ya fara bi kuwa, ga abubuwan da mutanen da ba su tashi kusa da dogo ba ba su sani ba. Faɗin sabon layin tsakanin ƙarfe da ƙarfe mita 1.435 ne, amma jikin tarago ya kai mita 3. Wato jirgin yana leƙowa kusan santimita 80 a kowane gefe. Wanda ya tsaya a bakin tsakuwa yana ganin ya kauce, bai kauce ba. Jirgin kaya mai nauyi in yana cikin gudu, daga inda direba ya taka birki zuwa inda zai tsaya ya fi kilomita 1, kuma ba shi da sitiyarin da zai karkata. Sannan dogon zamani ana haɗe ƙarafansa da walda, babu ƙarar nan ta gaɓa-gaɓa da tsofaffi suka sani. In iska na kaɗawa daga gabanka, sai ya zo dab da kai kafin ka ji shi. Mai abin jin waƙa a kunne ma ba a magana. Gada ita ce mafi muni, don babu inda za ka raɓa.

A mararrabar da aka tanada kaɗai ake tsallakawa. Ka sauka daga keke, ka duba hagu da dama, ka tura shi a gicciye, taya tana fuskantar ƙarfen kai tsaye. In ka zo masa a karkace, tayar gaba tana faɗawa cikin ramin da ke jikin ƙarfen, ta maƙale, ta kayar da kai a kan layi. Mai amalanke kada ya shiga sai ya ga akwai wurin da zai fita gaba ɗaya a wancan gefen.

Sai dai buƙatarka tana da hujja, kuma akwai ƙasashen da aka yi hanyar ƙafa da keke kusa da layi mai aiki, da shinge a tsakani. Tun ran gini ran zane. Yanzu ne ya kamata masu gari, kansiloli da ƙungiyoyin makiyaya su nemi a nuna musu inda mashigai za su kasance, inda burtali zai ratsa, da abin da za a yi da hanyar da motocin aiki ke bi a gefe in an gama. In aka bari sai jirgi ya fara gudu, yara za su buɗe wa kansu mashiga a duk inda ya fi musu kusa da makaranta.

TAMBAYA: Ni kansila ne a wata ƙaramar hukuma kudu da Maradi. Akwai tsohuwar hanya ta kilomita 4 tsakanin ƙauyuka biyu, ƴan makaranta da mata masu zuwa kasuwa ke binta, rabinta rairayi ne, da damina kuma ruwa yana cin ta. Muna so mu gyara ta don keke da masu ƙafa. Me ake buƙata, kuma me ke lalata irin wannan aiki?
Daga wani kansila, jihar Maradi

AMSA: Ranka ya daɗe, abin da za ku ara daga masu dogo shi ne tsarin aikinsu: ruwa tukuna, sannan hanya. Kafin a zuba tifa ɗaya, ku bi hanyar a ƙasa washegarin babban ruwa a watan Agusta, ku kafa turaku duk inda ruwa ya kwanta ko ya tsallaka. Abin da ido ya gani a ranar ya fi duk abin da za a gaya muku da rani.

Faɗin mita 3 ya isa keke biyu su wuce juna ba tare da mai tafiya a ƙasa ya faɗa gona ba. In wuri ya matse, kada a gaza mita 2.5. A share ciyawa da saiwoyi, a ɗaga hanyar sama da ƙasar da ke gefenta, a zuba burji mai kaurin santimita 15 bayan daɓe. Ga lissafin: mita 3 sau 0.15 sau 1,000 ya ba da mita kubik 450 a kowace kilomita. Da yake burji yana raguwa in an daɓe shi, ku yi tanadin kusan 580 a kowace kilomita, wato wajen tifa 58 mai ɗaukar mita kubik 10. Kada a zuba shi gaba ɗaya. A yi hawa biyu, kowanne a yayyafa masa ruwa a daɓe. Gwajin ruwan irin na matan da ke daɓen ɗaki ne: a damƙi burjin a hannu, in ya dunƙule bai ɗiga ba, ya yi. In ya warwatse, yana buƙatar ƙarin ruwa. In ya maƙale a tafi, ruwa ya yi yawa, a jira.

Tsakiyar hanyar ta fi bakinta tudu da santimita 5 zuwa 6, kamar bayan kunkuru, a yi ƴar magudana a kowane gefe. Yawancin hanyoyin burji da suka mutu cikin damina biyu, wannan doron ne aka manta. Ruwa ya kwanta a tsakiya, taya ta yi masa kwari, kwarin ya zama ƙorama. Inda ƙorama ta gaskiya ta ratsa, ƙaramin kwalbati yashi yake cike shi cikin shekara ɗaya. Gara a yi shimfiɗar kankare ko ta duwatsu a ƙasan ƙoramar, ruwa ya bi ta kai, mutane su jira ya janye.

Maganar amalanke sai an yi ta a fili gaban mai gari. Ba za ku hana manomi kwaso hatsinsa ba, bai kamata ma ku gwada ba. Amma amalanken shanu da kaya a kan jiƙaƙƙen burji, ko motar itace, kwana kaɗan za su yi masa rami biyu. Ku bar musu tsohon sawunsu na yashi a gefe, a kafa turakun kankare a bakin sabuwar, tazarar mita 1.5, wadda keke da keken guragu za su shige amma mota ba za ta iya ba. Iyakar hanyar kuma a rubuta ta wurin kwamitin kula da filaye, da shaidar masu gonakin da ke gefe, in ba haka ba kowace shuka garma za ta ci taku ɗaya.

Itatuwan inuwa a ja su baya da aƙalla mita 2 daga baki. Bedi ya fi dacewa. Gawo itace ne mai albarka a gona, yana da ganye da rani lokacin da ake neman inuwa, amma ƙayarsa da ta aduwa da bagaruwa ba a so su zubo a inda taya ke bi.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne, daga Tsibiri nake zuwa Maradi da tsohon keken mahaifina, Phoenix, ina yankewa ta hanyar gona. Mako ba ya wucewa sai na yi faci sau biyu ko uku, wani lokaci facin jiya shi ke sake sacewa. In na shiga rairayi kuma sai keken ya yi ta kai ni ƙasa. Laifin keken ne?
Daga wani ɗalibi, Tsibiri

AMSA: Ƙanenmu, keken ba shi da laifi, irinsa yana yin shekaru 30 yana aiki. Mu fara da gano abin da ke huda ka, don ramin da ke jikin tif yana faɗin wanda ya yi shi. Ƙaramin huji guda a bayan tif, ɓangaren da ke fuskantar ƙasa, ƙaya ce. A hanyoyin gonarmu yawanci tsidau ne. Ƙarangiya tana damun ƙafa da wando, amma ba kasafai take ratsa taya mai lafiya ba. Tsidau kuwa duk yadda ya faɗi ƙaya ɗaya tana kallon sama. Huji biyu kusa da juna kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan, ka daki dutse ko saiwa, rim ya matse tif. Huji a cikin tif, ɓangaren da ke kwance kan rim, kan waya ne ya leƙo saboda robar da ke rufe kawunan wayoyin ta tsinke ko ta goce. In kuwa a gindin bawul ne, tayar tana zamewa a kan rim don rashin iska, tana jan tif.

Facin da ke sake sacewa washegari dalili biyu ne kusan kullum. Na farko, ƙayar tana nan cikin taya. Ta karye daga waje, ido ba ya ganinta, amma tsininta yana ciki yana jiran sabon faci. Kafin ka cire taya, ka yi mata alama da alli daidai bawul. In ka gano hujin a tif, ka ɗora tif ɗin a kan tayar, bawul daidai alama, za ka san inda za ka nema. Ka bi cikin tayar da tsumma ko auduga a hankali. Inda zaren ya sarƙe, nan take. Ka lanƙwasa tayar a wurin, za ka ga ɗan baƙin ɗigo kamar ƙwayar gero, ka turo shi waje da allura.

Na biyu, gaggawa wajen sholisho. A goge wurin da samfefa har ƙyallin robar ya tafi, faɗin gogewar ya fi facin girma. A shafa sholisho siriri, ba a lafta shi ba. Sai a jira minti 3 zuwa 5 har ya daina ƙyalli, kada a taɓa shi da yatsa, kada a hura masa baki. Sannan a ɗora faci, a danne shi da ƙarfi daga tsakiya zuwa baki kamar minti 1. Wanda ya manna faci a kan jiƙaƙƙen sholisho, zafin rana ne zai ɗaga masa shi. Wajen mai da tif, ka sa masa ƴar iska tukuna don kada ya naɗe, ka yi ƙoƙarin mai da bakin tayar da hannu. Sukudireba yana yawan cizon tif a nan.

Maganin tsidau mai araha shi ne ka samo tsohuwar taya mai girma ɗaya da taka, ka yanke bakinta biyu masu waya, ka bar tsakiyar, ka shimfiɗa ta cikin tayarka kafin ka sa tif. Ka fere bakin yankan ya yi laushi, inda kai biyu suka haɗu ma haka, don kaifinsa kansa yana cin tif. Keken zai ɗan yi nauyi, amma ƙaya sai ta ratsa roba biyu. In tayarka ta suɗe har zare ya fara bayyana, babu dabarar da za ta cece ta. Kuma ka riƙa bin sawun da aka tattake, kada ka hau ciyawar gefe, can tsidau yake. In ka ajiye keke ƙarƙashin itace, ka juya tayoyin ka cire abin da ya maƙale kafin ka hau, don nauyinka ne ke tura ƙaya ciki.

Rairayi kuma, tayar Phoenix mai lamba 28 siririya ce, faɗinta bai wuce santimita 4 ba, tana yanka yashi maimakon ta hau kansa. Keke mai taya 26 da faɗin santimita 5 ko fiye ya fi dacewa da ƙasarmu. A kan burji mai tauri ana ba irin wannan faffaɗar taya iska wajen bar 3 (bar ma'aunin ƙarfin iska ne), a rairayi a rage zuwa bar 2 ko ƙasa kaɗan. Taka siririya ce, kada ka rage mata sosai, saran macijin nan zai dawo. Abin da za ka iya shi ne ka shiga yashi da ɗan gudu, ka matsa baya a kan sirdi don gaba ya yi sauƙi, ka sassauta riƙon kan keken, ka dubi inda za ka fita ba gaban taya ba, kuma kada ka daina taka feda. Birkin gaba ko juya kai da ƙarfi a cikin yashi shi ke kai ka ƙasa. In yashin ya yi zurfi har ya rufe rim, ka sauka ka tura.

Sarƙa kada ka yi mata wanka da baƙin mai. Mai da yashi in sun haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa, suna cin sarƙa da haƙora tare. Ɗigo ɗaya na mai mai tsabta a kowace gaɓa, ka juya feda, ka goge na waje da tsumma har ta kusa bushewa. Gaɓoɓi 24 na sabuwar sarƙa santimita 30.5 ne daga fil zuwa fil. In sun kai 30.8, ta gama aiki.

TAMBAYA: Shekaruna 58, ina da hawan jini da ciwon sukari. Likita ya ce in riƙa tafiya a ƙasa. Cikin gari mashina da adaidaita sun yi yawa, ina so in riƙa fita bakin gari ni da maƙwabtana. Yaya zan fara?
Daga wata uwa, unguwar Ali Ɗan Sofo

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau 5. Kada ki fara da haka. Makon farko minti 10 zuwa 15, ki ƙara minti 5 kowane mako. Saurin da ya dace shi ne wanda numfashi zai ɗan ƙaru amma kina iya hira da maƙwabciyarki. Ki zaɓi ƙasa mai tauri da ba ta da hawa, don tafiya a rairayi tana gajiyar da gwiwa da wuri. Bayan sallar asuba, in gari ya waye, shi ne lokacinki. A watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, ki dawo gida kafin ƙarfe 8. Ranar da hunturu ya turnuƙe da ƙura, ki rufe hanci ko ki zaga cikin tsakar gida.

Saboda sukarin, ƙafa ita ce abin kula. Takalmi rufaffe da safa, ba silifa ba. Ki zazzage shi kafin ki sa. In kin dawo ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, don mai sukari ƙaya tana iya shigarsa bai ji ba, sai ta zama gyambo. In kina shan magani ko allurar da ke saukar da sukari, kada ki fita da yunwa, ki riƙe dabino 3 da gorar ruwa. Rawar jiki, gumi mai sanyi ko jiri, ki zauna ki ci. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, a tsaya a nemi asibiti nan take. Inda dole ku bi bakin kwalta, ku bi gefen hagu kuna fuskantar motocin da ke tahowa, ɗaya bayan ɗaya.

TAMBAYA: Mu samari ne 8, muna so mu je tafkin Madarunfa da kekuna ta hanyoyin ƙauye, mu dawo a ranar. Wane lokaci ya fi, me za mu riƙe?
Daga wata fadar samari, unguwar Bagalam

AMSA: Samari, tafiya ce mai kyau, kuma tafkin da ake ba da labarin kaburburan waliyyai 99 a kewayensa ya cancanci a je a gani. Amma kafin maganar keke, maganar tsaro. Yankin Madarunfa da na Gidan Runji, musamman ƙauyukan da ke dab da iyaka da wajen dajin Baban Rafi, sun sha fama da ƴan bindiga. Ku tambayi jandarma da mutanen ƙauyukan da za ku ratsa a makon tafiyar, ba labarin watan jiya ba. In an ce kada ku bi wani wuri, kada ku bi. Ku riƙe katin ɗan ƙasa, ku bar wa wani a gida sunayen ƙauyukan da lokacin dawowa, kada magariba ta same ku a daji.

Nisan yana tsakanin kilomita 20 da 25 gwargwadon inda kuka tashi, hanyar ƙauye kuma tana ƙara shi. A kan burji ku lissafa kilomita 12 zuwa 15 a awa, a hanyar amalanke mai yashi 6 zuwa 8. Wato zuwa kaɗai yana iya cin awa 3, kuma gudun ayari gudun mai rauninsa ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi: an girbe, rana da sauƙi, gulbi ya janye. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka za ta taimake ku a tafiya, ta tare ku a dawowa lokacin da kuka gaji. Ku bar wa dawowa lokaci fiye da zuwa. Da damina, fadamar Gulbin Maradi laka ce mai cika tsakanin taya da madgad har ƙafa ta ƙi juyawa, kuma ruwan da aka yi a wajen Katsina yana iya isowa alhali ku ba ku ga hadari ba. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa ba a shigarsa da keke.

Kowa ya riƙe lita 3 na ruwa, ya sha rabin lita zuwa lita 1 a awa, tun kafin ƙishi ya kama shi. A tanadi gishiri da sukari: lita 1 na ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, don wanda jijiya ta ɗaure wa ko ya galabaita. Wanda ya fara sambatu ko ya rikice cikin zafi, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a nemi mota zuwa asibiti. Na ayari kuma famfo 2, tif na ajiya ga kowane girman taya da ke cikinku, faci da sholisho, sufana mai lamba 15 ta ƙafafu da ta 10 ta birki, filaya, da tsohon tif da aka yayyanka don ɗaure kaya. Ku gwada famfon da bawul ɗin kowa tun a gida, don bawul iri-iri ne.

In kun haɗu da garke a burtali, hanyarsu ce. Ku sauka, ku koma gefe ɗaya dukanku, ku gaida makiyayi, kada a kaɗa ƙararrawa, kada a shiga tsakanin saniya da ɗanta. Kare in ya biyo ku, tsayawa da sa keke tsakaninku da shi ya fi gudu. A wajen lambunan Jiratawa ku bi kan hanya, kada ku taka bakin magudanar ban ruwa, tana rushewa. A ƙauye a rage gudu saboda yara da awaki, a yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum ko gidansa. Wurin hutawa kuma ku duba gindin itace da tarin kara kafin ku zauna ko ku sa hannu, saboda kububuwa da kunama. Ku tashi ƙarfe 6 na safe, ku baro tafkin kafin ƙarfe 2.